Addini da Gwamnati a Nijeriya: Mudun Birni da Mudun Gida

Jawabin da aka gabatar a zauren babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu bana cikin ƙoshin lafiya, muna kuma roƙon ya jiƙan waɗanda muka zauna da su bara amma yau ba su tare da mu. Bayan haka, muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan dangantakar addini da gwamnati, da kuma matsayin addini a bainar jama'a.

Wani zai ce ina ruwan ƙungiyar raya gari da wannan batu, ita da aka sani da gina azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse da biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa? Amsa ita ce, ruwanmu ne ƙwarai da gaske. Mafi yawanmu Musulmi ne, kuma mutanen gida biyu ne. A can inda muke neman abinci, musamman a biranen Kudu, mu ne 'yan tsiraru, mu ne masu neman izinin filin masallaci da na maƙabarta, mu ne masu kwana da ido ɗaya idan rikici ya tashi. A nan gida kuwa mu ne masu rinjaye, sarauta tana hannunmu, ƙaramar hukuma tana hannunmu. Wanda ya ɗanɗana zaman nan iri biyu ya fi kowa damar fahimtar wannan magana, ya kuma fi kowa asara idan aka kasa fahimtarta.

Inda maganar ta samo asali

Maganar raba addini da gwamnati a Turai aka haife ta. A can coci ya kasance hukuma ce mai cin gashin kanta, da Fafaroma a samanta, da kotunanta da filayenta da harajinta, har ta kai tana ja-in-ja da sarakuna a kan wane ne gaba da wani. Da Kiristocin Turai suka dare gida biyu a ƙarni na 16, 'yan Katolika da 'yan Furotesta, sai kowane sarki ya ɗauki ɓangare ya ce dole talakawansa su bi shi. Aka shiga yaƙe-yaƙe, mafi muninsu shi ne wanda aka shekara 30 ana gwabzawa a ƙasar Jamus, daga 1618 zuwa 1648, ya laƙume miliyoyin rayuka. Wannan wahala ce ta sa masanansu suka fara cewa gara gwamnati ta janye hannu daga zaɓa wa mutum abin da zai yi imani da shi.

Sai dai ko su Turawan ba hanya ɗaya suka bi ba. A Amurka, gyaran farko da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya hana majalisar ƙasa kafa addinin gwamnati, ya kuma hana ta tauye wa kowa 'yancin ibada. Cikin waɗanda suka fi matsawa a yi haka akwai mabiya ƙananan coci-coci irin su Baftis, waɗanda cocin gwamnati ya gallaza wa a jihar Bajiniya. Wato masu addini ne suka nemi a yi katangar, domin ta kare addininsu daga hukuma. Shi ya sa har yau sunan Allah yana jikin kuɗinsu, kuma a 2007 Musulmi na farko da ya shiga majalisar wakilansu, Keith Ellison, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani a bikin rantsuwarsa.

A Faransa labarin ya sha bamban. Can jama'a ne suka yi wa sarauta da coci bore a 1789, saboda haka dokar raba coci da gwamnati da suka yi a 1905 ta taso ne da nufin kare gwamnati daga addini. Daga wannan tunani ne dokar 2004 ta fito, wadda ta hana ɗalibai sa hijabi da babban gicciye da hular Yahudawa a makarantun gwamnati, aka kuma ƙara da hana abaya a 2023. Ingila kuwa ba ta raba ba sam. Sarkinta shi ne shugaban cocin Ingila, kuma an ware wa bishop-bishop kujeru 26 a majalisar dattawa. Duk da haka mutanen Landan sun zaɓi Musulmi, Sadiq Khan, magajin gari a 2016, kuma ɗaliba mai hijabi ta fi samun sarari a can fiye da a Faris.

Saboda haka idan wani ya ce mana Nijeriya ƙasa ce da ba ruwanta da addini, sai mu tambaye shi irin na wa yake nufi. Idan wani kuma ya ce mana duk maganar raba addini da gwamnati yaƙi ne da addini, sai mu tuna masa cewa a wata ƙasar masu ibada ne suka roƙe ta.

Abin da tarihinmu ya nuna

Waiwaye adon tafiya. A ƙasar Hausa ba mu taɓa samun hukuma irin coci ba, amma mun daɗe da sanin zaman fada da malamai, da daɗinsa da ɗacinsa. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon talakawa. Amma misalin da ya fi dacewa da zancenmu na yau a Gobir ya faru.

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai tsoka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar nasa rabon. A maimakon dukiya sai ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Jama'a, a lura da biyun ƙarshe. Fursuna da mai biyan haraji ba a tambayi addininsu ba. Malamin da ya ƙi kyautar fada ya sami bakin da zai yi wa kowa magana.

Bayan 'yan shekaru sai Sarki Nafata ya yi shela cewa ban da Shehu ba wanda zai ƙara yin wa'azi, wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Wannan ita ce hukumar da ta sa hannu cikin imanin mutane da tufafinsu. Kowa ya san ƙarshen labarin: Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma kafin a cika shekara biyar Alkalawa ta faɗi. Ba muna cewa Shehu ya raba addini da mulki ba ne, domin daular da aka kafa bayan jihadi ta Musulunci ce. Abin da muke cewa shi ne, kakanninmu sun san zafin a ce wa mutum kada ka sauya addini, kada ki yi lulluɓi, tun kafin a rubuta kowane kundin tsarin mulki. A ƙarƙashin daular ma Maguzawa sun ci gaba da zama a ƙauyukansu suna biyan jiziya.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Aka bar kotunan alƙalai, aka soke wasu hukunce-hukunce, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Duk da haka an sami Hausawa da Fulani Kiristoci, musamman a Zariya, inda mishan ɗin Dakta Mila ya koma Wusasa a 1929. Daga cikin wannan al'umma ne Dakta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Daga cikinta kuma Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Da 'yancin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu suka kai kukansu gaban hukumar Willink a 1957 da 1958, abin da ya sa aka shigar da babin 'yancin ɗan Adam cikin tsarin mulkin 1960. Gwamnatin Sardauna kuma ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, suka ba da shawarar da ta haifar da Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. Laifuffuka suka koma ƙarƙashin doka ɗaya ga kowa, aure da gado da makamantansu suka tsaya ƙarƙashin Shari'a. Sulhu ne, kuma kowane sulhu yana da masu ƙorafi, amma ya nuna cewa iyayenmu sun yarda zaman tare yana da farashi.

Me kundin tsarin mulki ya ce?

Da yawa daga cikin masu tayar da jijiyar wuya a kan wannan batu ba su taɓa buɗe kundin tsarin mulkin 1999 ba. Kalmar nan ta Turanci da ake yawan jefawa, wato "sekula", ba ta cikinsa. Hasali ma gabatarwarsa ta bayyana Nijeriya a matsayin ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Allah. Abin da ke ciki shi ne sashe na 10, jimla ɗaya tak, wadda ta hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati.

Sashe na 38 shi ne abokin tafiyarsa. Ya ba kowane mutum 'yancin tunani da imani, da 'yancin sauya addini, da 'yancin bayyana addininsa da yaɗa shi ta hanyar ibada da koyarwa da aiki, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a sarari. Ya kuma ce ba a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko garinsu. Sashe na 222 ya hana jam'iyyar siyasa ɗaukar suna ko tambari mai alamar addini. Sashe na 45 kuma ya yi wa 'yancin linzami, inda ya yarda a taƙaita shi da doka saboda tsaro da zaman lafiya da kare haƙƙin wasu.

A ɗaya hannun, kundin nan da kansa ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Abuja da duk jihar da take buƙata, domin sauraren ƙararrakin aure da riƙon yara da gado da wasiyya da waƙafi, kamar yadda ya tanadi ta al'adun gargajiya. Ana hutun Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi, ana hutun Kirsimeti da Ista. An kafa hukumar alhazai ta ƙasa da doka a 2006, aka kafa ta masu ziyarar ibada ta Kiristoci a 2007. Maƙwabciyarmu Nijar ma, inda kusan kowa Musulmi ne, kundinta na 2010, wanda sojoji suka jingine a 2023, ya raba gwamnati da addini, amma ya sa shugaban ƙasa ya rantse da littafin addininsa.

Idan aka haɗa waɗannan duka, sai a ga cewa Nijeriya ba ta bi Faransa ba, ba ta kuma bi Ingila ba. Kundinmu bai kori addini daga kasuwa da makaranta da ofis ba. Abin da ya hana shi ne gwamnati ta zama ta masu addini ɗaya. Gwamnati kamar sarkin kasuwa ce: yana da addininsa, yana kuma zuwa ibadarsa, amma ranar rabon rumfuna da ranar raba gardama ba shi da ɗan ɗaki.

Wuraren da aka yi karo

Wannan sashe na 10 da gumi aka same shi. A majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, gardama a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a matakin tarayya ta yi zafi har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zaure a watan Afrilu na 1978, sai da gwamnatin Janar Obasanjo ta sa baki. Aka daidaita a kan a bar wa jihohi kotun, a kuma tanadi alƙalai masana Shari'a a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Da haka kundin 1979 ya fito.

A watan Janairu na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigar da Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a matsayin cikakkiyar mamba, ba tare da an yi wa 'yan ƙasa bayani tukuna ba. Ƙasashe irin su Kamaru da Gabon da Uganda sun riga mu shiga, alhali Musulmi ba su ne masu rinjaye a cikinsu ba, amma yadda aka yi abin a asirce ya shuka zargin da har yau bai mutu ba. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Maris na 1987, saɓani tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama gobarar da ta ci masallatai da coci-coci, ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa.

Sai kuma ranar 27 ga Oktoba, 1999, da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, jihohi 11 suka bi sahun Zamfara. Masu goyon baya suka ce sashe na 38 ya ba Musulmi damar rayuwa bisa addininsu, kuma dokar Musulmi kaɗai ta shafa. Masu adawa suka ce an keta sashe na 10. Kafin lauyoyi su gama muhawara, jini ya zuba. Rikicin Kaduna na watan Fabrairu na 2000 ya ci rayukan mutum fiye da 1,000, ya raba garin biyu, Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudancinsa.

A nan muke so 'yan'uwa mazauna birane su kasa kunne. Kwanaki kaɗan bayan Kaduna, aka far wa 'yan Arewa a Aba da wasu garuruwan Kudu maso Gabas da sunan ramuwar gayya. Waɗanda aka kashe a can mahauta ne da 'yan tireda da masu gadi da masu sayar da albasa, irin mutanen da ke cika rajistar rassan ƙungiyoyi kamar tamu. Ba su san majalisar dokokin Kaduna ba, ba su jefi kowa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk ashanar da aka ƙyasta a gida, rigar ɗan'uwanmu da ke baƙunta ita take fara kamawa.

Ya kamata kuma mu tuna yadda aka yayyafa wa wutar ruwa. A 2001 gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta tsara kotuna yadda Musulmi zai je kotun Shari'a, mai bin al'ada ya je kotun gargajiya, kotun majistare kuma tana nan ga kowa. A watan Agusta na 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kiristoci, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyu da a da suka yi gaba da juna. Hakan bai hana wani rikicin ɓarkewa a watan Nuwamba na shekarar ba, amma ya kafa hanyar da har yau ake bi idan ana neman sulhu.

Mudu ɗaya

Yanzu bari mu zo kan tsakiyar zance. A 2014 babbar kotun jihar Legas ta goyi bayan hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantun gwamnati. Musulmin Legas ba su ƙona ko taya ɗaya ba, suka ɗaukaka ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba su gaskiya a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 17 ga Yuni, 2022, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu. Dukkanmu mun yi murna, kuma 'ya'yanmu da ke karatu a Agege da Idi Araba suna cikin waɗanda suka amfana. To, da wane makami aka ci wannan nasara? Da sashe na 38 da na 42.

Waɗannan sassa ba su da addini. Sashen da ya kare hijabin 'yarmu a Legas, shi ne ya kare ɗan Bamaguje Kirista a makarantar firamare ta ƙauyenmu daga a tilasta masa darasin da ba nasa ba. 'Yan'uwanmu Kiristoci a jihohin Arewa sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar mallakar filin coci, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da jan ƙafa wajen ba su takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Musulmi a wasu jihohin Kudu suna irin wannan kuka a kan filin masallaci da maƙabarta da guraben aiki. Kuka ɗaya ne, bakin da yake fitowa ne ya bambanta. A kasuwar hatsi, wanda yake saye da babban mudu ya sayar da ƙarami sunansa macuci, ko da kuwa a sahun farko yake salla.

Mudun nan ɗaya shi zai raba mu da gardamar da ba ta da tushe. Rubutun ajami da ke jikin naira, wanda aka cire daga ƙananan takardun kuɗi a 2007, Hausa ce zalla take faɗin adadin kuɗin, ba aya ba ce. Takardun lamuni na sukuk da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017, na naira biliyan 100, hanyoyi aka gina da kuɗin a shiyyoyi shida na ƙasar nan, kuma Ingila ta riga mu sayar da irinsu tun 2014. Waɗannan muna da hujjar kare su. Amma mudun zai kuma hana mu kare abin da ba ya karuwa. Idan muna jin haushin cunkoson da tarukan coci suke haddasawa a babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, to mai naƙuda da aka tare wa titi ranar Juma'a ita ma tana da haƙƙi. Lasifikar da ke hana mara lafiya barci da tsakar dare ba ta zama halal don daga ɓangarenmu take.

Haka nan batun kuɗin baitulmali. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin naira biliyan 90 ga aikin Hajji, jihohi kuma sun saba ɗaukar nauyin masu zuwa Makka da masu zuwa Urushalima. Alhali malamanmu sun karantar da mu cewa Hajji yana kan mai iko ne, ga kuma miliyoyin yara ba su zuwa makaranta, ga asibitocin karkara ba magani. Kujerar Makka da ɗan siyasa yake rabawa ba kyauta ba ce, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mumbarin da ya saba da ambulan gidan gwamnati yakan rasa murya ranar da talaka ya fi buƙatarta. Nisan da ke tsakanin malami da fada kariya ce ga addinin kansa, kamar yadda aka gani a Magami.

Abin da ya rage gare mu

Ƙungiyarmu ba gwamnati ba ce, amma tana riƙe da amanar jama'a, saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari.

Na farko, a rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiya cewa duk ɗan asalin wannan ƙasa tamu mamba ne cikakke, Musulmi ne ko Kirista ko Bamaguje, yana da ikon zaɓe da a zaɓe shi. Tallafin karatu a bayar da shi bisa ƙwazo da buƙata, rijiya kuma a haƙa ta inda ƙishirwa ta fi tsanani.

Na biyu, ƙungiya ta zauna da iyayen ƙasa da ƙaramar hukuma a duba ko akwai wata al'umma a gundumar nan da ke neman filin ibada ko na binne mamatanta an hana ta. Idan akwai, mu ne ya kamata mu fara yi mata magana, domin mun san ɗacin wannan layi a wani gari.

Na uku, kowane reshe ya ƙulla zumunci da sarakunan gargajiya da shugabannin coci da jami'an tsaro na unguwar da yake, tun ana zaman lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, mu tsare masallatanmu daga zama dandalin yaƙin neman zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kamfe a wuraren ibada, kuma mutuncin addini ya riga doka hanawa. Ɗan takara a tambaye shi makaranta da asibiti da taki da tsaro.

Na biyar, mu ja kunnen matasanmu a kan abin da suke yaɗawa a Facebook da WhatsApp. Hoton gawa da ba a san asalinsa ba yana iya tayar da gari cikin sa'a guda. Duk wanda ake zargi da ɓatanci ga addini, hukuma za a miƙa wa. Ɗaukar doka a hannu kisan kai ne a Shari'a, kisan kai ne a dokar ƙasa.

Na shida, lauyoyinmu da malaman makarantunmu su fassara sassan nan da muka ambata zuwa Hausa mai sauƙi, a buga a mujallar baɗi, domin mai shayi a Mile 12 da manomi a ƙauye su san haƙƙinsu, su kuma san na maƙwabcinsu.

Kammalawa

Jama'a, harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba a taɓa jin ɗaya ya kori ɗaya daga baki ba. Ba wanda ya ce mu ajiye addininmu a ƙofar ofis, kuma ba mu da ikon cewa wani ya ajiye nasa. Abin da muke nema daga gwamnan Legas da na Ribas da na Abiya, shi ne abin da ɗan'uwanmu Kirista yake nema daga shugaban ƙaramar hukumarmu. Ranar da muka biya shi a gida, ranar ce bakinmu zai yi nauyi a waje.

Allah ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ja zamanin iyayen ƙasa, ya albarkaci wannan ƙungiya, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.